Kunya Biyu da Bindiga Mai Jigida

Ni tsohon soja ne, duk da ba na karɓar fansho. Na yi yaƙin duniya na biyu daga farkonsa har ƙarshensa, na koma na sake shi, kuma duk a kan farar kujerar roba na yi, a wani shago da ke bayan injin casar shinkafa a Kura. Masu ilimi za su ce an gama yaƙin nan kafin a haife ni. A aji huɗu na tsaya, ba zan ja da su ba, amma su zo su duba kantar da ke yatsuna.

Gwiwa ce ta kai ni soja. Tun ina saurayi nake tsaye cikin ruwan kanal ina ban ruwan shinkafa da alkama da tumatir, sai wata rana gwiwar dama ta ce ita ta gama aiki. Likita ya hana ni shiga ruwa, yara suka karɓi gona, ni kuma na zama abin da na daɗe ina yi wa dariya, wato tsohon da ke zaune bakin fangali yana koya wa masu aiki aikinsu. Da suka gaji da ni, sai na koma zaman benci a shagon surukina, mijin 'yata. Da safe yana buga wa mutane takardu. Da an yi la'asar sai ya juya kwamfutocin nan su koma filin daga, samari su toshe kunnuwansu da abin magana, su shiga yaƙi da mutanen da ba su taɓa gani ba.

Su suna ce masa gem. Na hana a faɗi haka a gabana. Gem shi ne wanda ake harbin mutum sau goma yana gudu yana dariya. Wannan kuwa harsashi ɗaya ne, ka faɗi, allo ya yi duhu, ka zauna kana jira a sake haifarka can nesa, sannan ka tako da ƙafa. Babu alamar da ke nuna maka ina abokin gaba yake. Harsashi yana ƙarewa, bakin bindiga yana zafi, hayaƙi yana rufe ido, kuma in ka harbi naka ya mutu kamar kowa. Mutum ɗaya ba ya tsinana komai. Sai an yi magana, sai wannan ya gaya wa wancan abin da ya gani, da sauri, da sunansa.

Da farko kallo kawai nake yi ina gyara musu dabara. Ranar wata Lahadi surukina ya bar lasifika a buɗe, sai na ji wata dariya ta fito daga ciki, irin wadda mutum ke yi har ya shaƙe. Na san dariyar, amma rabona da ita tun mai ita yana bin awaki. Ɗan farina ne, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa a Legas. Ashe duk ƙarshen mako yana cikin rundunar nan daga can, shi ne mai riƙe babbar bindiga.

Ban taɓa kiran sunan yaron nan ba, kamar yadda ubana bai taɓa kiran na yayana ba. Ko ranar suna ƙanena na tura ya raɗa wa liman. In ya bugo waya, sai mu yi lafiya lau, lafiya lau, ya aiki, ya ruwa, sannan mu yi shiru muna jin numfashin juna har in miƙa wa ƙannensa. Ba faɗa muke yi ba. Haka muka taras ana yi, haka muka yi, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba. Amma ran nan na zauna a benci ina jin mutum mai barkwanci, mai tsokana, mai saurin fushi, duk ban san shi ba, kuma ni na haife shi.

A makon ne mai ɗauko masa harsashi ya tafi bautar ƙasa, kujera ta zama babu kowa. Na tashi daga benci na zauna a kanta. Surukina ya miƙo mini abin kunne. Babu yadda za a yi miji ya ce wa uban matarsa tashi.

Babbar bindigar nan mutum biyu take ci. Ɗaya yana harbi, ɗaya yana ɗauko masa harsashin da aka jera kamar ɗamara, wanda sojoji ke kira jigida. To ni ne mai jigida. Da na gaya wa tsohuwata, uwar yarana, a gida, sai ta ce ita da ta ajiye tata tun zamanin da, ba ta san ni zan gada ba.

Koyon tafiya ya ba ni wuya. Sojana ya yi kwanaki yana tafe yana kallon sama kamar mai neman wata. Na faɗa rijiya, na shiga wuta, na taɓa jefa gurneti ya daki bango ya dawo mana. Duk wannan na wuce shi. Abin da ban iya wucewa ba shi ne alkama.

Masu gem ɗin nan sun yi gonaki, kuma Allah ya isa tsakanina da su, sun yi su da kyau fiye da kima. Alkama ce ta nuna, ta yi jawur, iska na kaɗa ta, saura kaɗan a sa lauje. Aka ce in ratsa ta ciki da akwatin jigida. Na zo bakin gonar, hannuna ya ƙi. Na san abin da mutum ke sha kafin alkama ta kai haka. Sai na bi ta kan kunya, a tsaye, a hankali, kamar balbela tana bin shanu. Kowane maharbi da ke ƙasar Turawa ya gan ni. Na mutu a kan kunyar nan har na rasa lissafi, ɗana kuwa yana can bayan katanga bindiga ta bushe.

A irin wannan lokaci ne yake manta kansa. Wata rana na ji ya ce, "Haba Baba, ina ka tsaya kuma? Gonar ta kakanka ce?" Kowa a shagon na jiran in yi fushi. Ni kuwa na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Tun da aka haife shi bai taɓa yi mini magana mai daɗin wannan ba.

Kunya ta biyu ta fi ta gona kisa. Surukina shi ne kwamandanmu, kuma yaro ne mai tarbiyya, wanda shi ne babban aibinsa a soja. Sauran yana daka musu tsawa, kai kwanta, kai koma hagu. In ya zo kaina sai murya ta sauka. Zai fara da Baba barka da ƙoƙari, sannan ya ce in babu damuwa, da za a ɗan matsa wajen bishiyar can, Allah ya ƙara girma, don kamar akwai tanka tana tahowa. Kafin ya kai ga tanka, tankar ta kai gare ni. Kuma duk sanda sojansa zai wuce nawa sai ya danna maɓallin durƙuso. Na ce ya daina, ya ce hannunsa ne ke yi da kansa. Sau ɗaya dai abin ya yi rana, ya durƙusa gaishe ni harsashi ya bi ta saman kansa ya sami na bayansa. Tun daga nan na daina hana shi.

Mai ba da magani a rundunarmu wani malamin makaranta ne da ke koyarwa a Garun Malam, Bazazzage. Da yake akwai wasa tsakaninmu da su, shi kaɗai ne ke iya gaya mini gaskiya ba tare da ya cire takalmi ba. Yakan ce tun da yake ɗaure raunuka bai taɓa ganin gawar da ta kai tawa yawan dawowa ba. Ni kuma in ce masa da a Zariya aka yi yaƙin nan da har yanzu ana gaisuwa ba a fara ba. Ranar da muka sha kashi mafi muni, surukina ya yi ajiyar zuciya ya ce kunya ce ta kashe mu. Bazazzage ya tambaye shi wacce daga ciki, ta gona ko ta gida.

Ta gidan tana da wani reshe, kuma shi ne nawa. Mai jigida yana bayan mai bindiga, shi ke ganin abin da ke zuwa ta gefe, aikinsa ne ya yi gargaɗi. To ta yaya zan gargaɗi mutumin da ba na kiran sunansa? In na ce kai, duk rundunar sai ta waiwayo. Da aka gaji da waiwaye sai kowa ya daina, har shi. Na gwada babba, yadda nake ce masa a gida, sai ya zama a cikin ƙarar bindiga babba da Baba duk ɗaya ne, surukina ya riƙa tambayar me ya sami Baba. Na gwada na Legas, ashe akwai wani ɗan Madobi a cikinmu da ke sayar da albasa a can, shi ne kullum ke kwantawa. Suka ce a ba kowa lamba. Na ce ni ban haifi lamba ba, kuma gaskiyar magana da an fara harbi lambobin ke tsere mini.

Ana haka aka shirya gasa da wasu samarin Dawakin Kudu, yaran da suka iya abin kamar a ciki aka yaye su. Kwana biyu kafin ranar, Bazazzage ya same ni a bencin waje ina cin gyaɗa. Ya zauna ya ɗebi gyaɗata ba tare da ya tambaya ba.

"Bakano, an aiko ni, don kwamanda ya ce gara a harbe shi da ya faɗa da bakinsa. In muka faɗi ran Lahadi, kujerarka ta wani yaro ce daga Bunkure. Ya daɗe yana jira, kuma shi ba ya tausayin alkama."

Na ce masa dama soja ba ya dawwama, kuma na gode da aka aiko ɗan Zazzau, don labari maras daɗi ya fi dacewa da bakinsu. Muka yi dariya. Da ya tafi gyaɗar ta fita raina. Ba kujerar roba nake ji ba, akwai irinta a kowane gidan biki. In aka ɗauke ni daga kanta, ni da yaron nan mun koma lafiya lau, lafiya lau, har ranar da za a bugo masa a ce ya taho gida. Ba zan iya gaya wa kowa haka ba, balle surukina.

Ran Lahadi na yi la'asar a sahun gaba, na sa hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Aikinmu a ranar shi ne mu tsare wata gada a kan kanal, kusa da wani tsohon injin niƙa. Kanal ɗin ma ba laifi, sai dai babu wanda ya yashe shi, duk ciyawa. Ɗana ya kafa bindiga a bayan wata karyayyar katanga yana kallon gadar. Tsakanin wurin da ake ajiye harsashi da katangar nan, kamar da gayya, gonar alkama ce.

Na tsaya a bakinta. Na ce wa mai gonar, ko wane ne shi, ya yafe mini, in Allah ya haɗa mu zan biya shi da iri. Na rufe ido ɗaya na ratsa. Alkama tana karyewa a kunnena, ƙaras ƙaras, har cikin haƙorina nake ji. Na isa katanga da raina, na sauke jigida. Ɗana ya ce, "Yau Baba ya ci gona," ya yi dariyar nan tasa. Bazazzage ya ce a rubuta ranar, Bakano ya yi ɓarna kyauta.

Muka riƙe gadar nan fiye da yadda kowa ya zata. 'Yan Dawaki suna zuwa, bindiga tana mayar da su. Na ratsa gonar na dawo, na sake ratsawa, har na yi hanya a ciki, abin kunya. Surukina ma ya samu ci gaba, don sau ɗaya ya ce Baba a kwanta, bai haɗa da barka da ƙoƙari ba.

A dawowata ta ƙarshe, ina cikin alkama da akwati, sai na hangi wani yana jan ciki ta cikin kanal, ta bayan katanga, gurneti a hannunsa. Ɗana yana kallon gada, bai san da shi ba. Ina da ƙaramar bindiga, amma duk wanda ya san harbina ya san in na auna mutumin can, ɗana zan samu.

Na ce kai. Ba wanda ya motsa. Na ce babba, surukina ya ce, "Lafiya, Baba?" Na ce na Legas, mai albasa ya faɗi ƙasa can wani gefe inda babu abin da ke neman sa. Mutumin kanal ya ɗaga hannu.

Sai na kira sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗaya ya isa. Ban ma san bakina ya iya shi ba, ya fito da ƙarfi, duka gaɓoɓinsa, har mai injin shinkafa ya ce ya ji daga waje. Na haɗa da bayanka, kanal.

Abin da ya kamata ya yi shi ne ya juya ya yi harbi. Abin da ya yi shi ne, sojansa ya saki bindiga ya miƙe tsaye ƙiƙam a bayan katangar da ba ta wuce ƙugu ba. Na ji muryarsa a kunnena, ƙarama, ba irin ta filin daga ba.

"Na'am, Baba."

Mai gurnetin ma bai samu ladan ba. Wani ne daga can tsallaken gada ya ga mutum a tsaye kamar an kafa shi ya ɗauke shi. Gurnetin kuma da ya zo bai sami kowa ba sai ni, da na iso da jigidata. Bindiga ta yi shiru, 'yan Dawaki suka kwararo kan gada, kafin a sake haifarmu mu tako an gama.

Aka cire abin kunne. Samarin da ke kallo a baya suna satar dubana kamar na fito wanka ba zane. Surukina ya ƙura wa tayil ido. Bazazzage ya yi gyaran murya ya ce to, magana dai an riga an yi ta, ba ya jin daɗi, amma alkawari alkawari ne, kuma yaron Bunkure yana waje a kan babur. Na fara laluben sandata.

Lasifika ta yi ƙara. Ɗana ya ce a dakata. Ya ce shi a can Legas, da ya ji kiran, miƙewa ya yi daga kan kujerarsa da gaske, gwiwarsa ta bugi tebur, hannunsa ya danne maɓalli, shi ya sa sojan ya tashi. Ya ce mai jigida ya ga abokin gaba, ya faɗi wuri, ya faɗi suna, babu abin da ya rage a aikinsa. Saƙo ya iso daidai, mai karɓa ne ya lalace. In za a kori wani, shi za a kora.

Bazazzage ya ce ba a korar mai bindiga, babu wanda ya iya ta kamarsa. Ɗana ya ce to mai bindiga shi ke zaɓar mai jigidarsa, haka ake yi a yaƙin gaske, kuma ai su ne kullum ke cika baki cewa gaskiya suke so a gem ɗin nan. Bazazzage ya ce shi malami ne, bai taɓa karanta wannan doka ba. Ɗana ya ce ba a kai littafin Zariya ba tukuna.

Duk aka juya wajen kwamanda. Ya daɗe yana murza wayar maus ɗin kwamfuta. Sannan ya dubi bango, can sama wajen agogo, ya ce wa bangon a bar kujerar nan yadda take, yaron Bunkure a ba shi gurbin mai albasa, tunda shi kwanciya kawai yake yi. Mai albasa ya yi ta ƙorafi daga Legas, ba wanda ya saurare shi.

Bazazzage bai haƙura haka nan ba. Ya kafa sharaɗi cewa kullum kafin a fara sai na kira sunan sau da yawa, har ɗana ya saba ya daina miƙewa. Na ce ba za a mayar da ni rediyo ba. Aka yi ta ciniki kamar na kwandon tumatir a ƙarshen kaka, har muka tsaya a kan cewa zan kira ne kawai in akwai gurneti ko tanka. In bindiga ce ƙarama, ya ji da kansa. Ɗana ya ce ya yarda, amma a ba shi mako biyu yana yaƙi a zaune a ƙasa, inda babu tebur.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, don a Kura magana ta fi ruwan kanal gudu. Tsohuwata tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ta ce ta ji abin da na yi a gaban 'ya'yan mutane, saura gobe a ce an gan ni a kasuwa ba hula. Ta ce ita da ta ɗauki cikinsa ta goya shi ba ta taɓa yi ba, sai ni da furfurata, a kan wasan yara. Na ce ba wasa ba ne, gurneti ne. Ta ce Allah ya shirya.

Ta kawo tuwo ta ajiye, ta yi kamar za ta koma, sai ta tsaya tana gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi. Ta tambaya, ba tare da ta dube ni ba, shi wancan ɗin me ya ce da ya ji. Na ce ya amsa. Ta ce da wace irin murya. Na gwada mata iyakar iyawata. Na ƙara da cewa har miƙewa tsaye ya yi, shi ya sa aka kashe mu duka.

Ta saki murfin kwanon. Sannan ta ce to alhamdu lillahi, ashe dai akwai mai tarbiyya ɗaya a gidan nan, ta tura mini miya.